Cutar ɗa'un: yadda ake bambance nau'o'inta, da inda ake yin kuskure

A watan Yulin 2025 hukumomin lafiya na gundumar Coconino a jihar Arizona ta Amurka suka sanar da rasuwar wani mutum sakamakon ɗa'un na huhu. Kamar kullum idan sunan wannan cuta ya fito, kanun labarai suka koma kan annobar da ta share aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Mai karatu kuwa sai ya rasa wadda zai kama. Wata kafa ta ce cutar ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, wata ta ce tari kaɗai ya isa. Wata ta ce maganinta yana nan a kowane asibiti, wata ta ce wanda ya kamu sai dai addu'a. Dukkansu akwai gaskiya a bakinsu, don kowace tana magana ne a kan wani nau'i daban. Ƙwayar cutar ɗaya ce, amma inda ta sauka a jiki shi ke nuna alamomin da za a gani, da samfurin da za a ɗauka don gwaji, da awannin da suka rage wa likita.

Annoba daban, ɗa'un daban

A Hausa mukan kira duk cutar da ta game gari annoba, ko kwalara ce, ko sanƙarau, ko korona. Ɗa'un kuwa cuta ce guda takamaimai. Malaman Musulunci sun daɗe da yin wannan rarrabewar, inda suke cewa kowane ɗa'un annoba ne, amma ba kowace annoba ce ɗa'un ba. A wata ruwaya ta Imam Ahmad, Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko mene ne ɗa'un, sai ya siffanta shi da kumburi irin wanda ke fito wa raƙumi. Wannan kumburin har yau shi ne alamar farko da likita ke nema. Ɗa'un na Amwas, a zamanin Halifa Umar, shi ya yi sanadin rasuwar Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal a ƙasar Sham.

Ƙwayar da ke haddasa cutar bakteriya ce mai suna Yersinia pestis, sunan da aka ciro daga na Alexandre Yersin, likitan da ya gano ta a Hong Kong a 1894. Shekara huɗu bayan nan Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera zuwa wani jikin.

Ambaton ɓera kan sa mutanenmu su tuna da zazzaɓin Lassa, amma ba su haɗa hanya ba. Lassa bairos ce, tana shiga ne ta fitsari da kashin ɓera da suka taɓa abinci, kuma magungunan kashe bakteriya ba sa yi mata komai. A ɗa'un ɓeran shi ma majinyaci ne. Cutar tana kashe shi, ƙumar da ke jikinsa ta rasa masauki, sai ta nemi jini mafi kusa. Shi ya sa a ƙauyukan da suka san cutar, ganin matattun ɓeraye barkatai ba tare da an sa guba ba ya fi ganin rayayyu tayar da hankali.

Tsakanin 2010 da 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum 3,248 da suka kamu, 584 daga ciki suka rasu. Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Peru su ne kan gaba. Amurka takan samu kimanin mutum 7 a shekara, galibi a jihohin yamma, inda ƙwayar ke zaune a jikin dabbobin daji dangin kurege.

Na kaluluwa: wanda ido ke gani

Wannan shi ne wanda kafafen labarai ke kira bubonik, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Idan ƙuma ta sha jinin ɓera mai cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa su toshe mata maƙoshi. Tana jin yunwa, tana cizo, jinin ba ya wucewa, sai ta amayo shi cikin ramin cizon haɗe da ƙwayoyin. Daga nan suke bi zuwa kaluluwa mafi kusa. Tunda ƙuma daga ƙasa take tsalle, ƙafa ta fi ciza, shi ya sa kumburin ya fi fitowa a matsematsi. Wanda ya feɗe dabba mai cutar da hannu, nasa a hammata yake fitowa. Yaran da ke kwana a ƙasa sukan samu a wuya ko a hammata.

Bayan kwana 1 zuwa 7 da cizon, zazzaɓi mai zafi yakan rufe mutum farat ɗaya, da rawar sanyi, da ciwon kai, da kasala. Sai kaluluwar ta biyo baya, wani lokacin ma ciwon wurin ke riga kumburin. Kowa ya san kaluluwa, wanda ya taɓa yin gyambo a ƙafa ya san yadda take. Ta ɗa'un ta bambanta da zafinta da saurinta. Takan kai girman ƙwan kaza ko fiye cikin kwana ɗaya ko biyu, fatar wurin ta yi ja ta ɗau zafi, kewayenta ya tara ruwa. Majinyacin ba ya yarda a taɓa. Idan a matsematsi take za a ga ya naɗe ƙafar ya karkatar da ita waje, idan a hammata ce ya ɗage hannun daga jikinsa kamar mai ɗauke da wani abu a ƙarƙashi. Sau da yawa kuma likita zai duba ƙafar bai ga wani gyambo ko maruru da zai iya jawo irin wannan kumburin ba. Kaluluwar tarin fuka takan ɗauki makonni tana girma kuma ba ta cika zafi ba. Ta ciwon sanyi ba ta cika zuwa da zazzaɓin da ke kwantar da mutum cikin yini guda ba.

Samfurin da ake buƙata yana cikin kumburin. Ma'aikacin lafiya zai sa safar hannu da takunkumi, ya goge fatar, ya soka allura a tsakiyar kaluluwar. A kwanakin farko babu mugunya sosai, don haka yakan zuƙo ɗan ruwan gishirin asibiti a sirinji, ya tura ciki, ya sake jawo shi, har ya fito da ɗan jini-jini. Wannan ɗan ruwan shi ne mafi ingancin samfuri a dukkan nau'o'in cutar, domin ƙwayoyin sun yi cincirindo a ciki kuma babu wasu baƙin ƙwayoyi da za su rikita sakamako.

Ba a ɗaukar wannan nau'in ta zama kusa da majinyaci, sai dai idan an taɓa mugunyar. Idan ba a yi magani ba yakan kashe kashi 30 zuwa 60 cikin 100. Idan an fara magani da wuri, mafi yawa suna tashi.

Na jini: wanda ba shi da shaida

A nan ƙwayoyin suna shiga jini su hayayyafa. Wani lokacin daga kaluluwar da aka yi sakaci da ita suke malalowa, wannan da sauƙin ganewa. Mai wuyar shi ne wanda ke farawa kai tsaye a jini, babu kumburi ko kaɗan. Majinyaci zai zo da zazzaɓi, ciwon ciki, amai, gudawa. A kowane asibiti na ƙasa mai zafi, wannan maleriya ce ko taifot har sai an ga akasin haka. Alamomin da littattafan tarihi suka fi zuzutawa, wato jini ya taru a ƙarƙashin fata, yatsun hannu da na ƙafa da kan hanci su yi baƙi, a ƙarshe suke zuwa, lokacin da ƙarfin bugun jini ya riga ya faɗi kuma gaɓoɓi sun fara mutuwa.

Babu abin da likita zai gani da ido ko ya lalubo da hannu ya ce wannan ɗa'un ne. Abu biyu ne kawai ke tona shi. Na farko tambaya: daga ina ka fito, ka kwana a ina, ka taɓa mushen dabba, akwai wanda ya rasu da zazzaɓi a gidanku kwanan nan? Na biyu jinin da aka ɗiba aka rena a ɗakin gwaji. Idan cutar ta yi nisa, ƙwayoyin kan yi yawan da za a iya ganinsu a gilashin da aka shafa wa jini, irin wanda ake duba maleriya da shi, muddin mai duban yana da ido kuma ya san akwai abin da ya wuce maleriya.

Na huhu: inda ake lissafi da awa

Wannan ne kaɗai ke bi ta numfashi daga mutum zuwa mutum, ta feshin tari, galibi ga wanda ke tsakanin mita biyu da majinyacin. Yakan samo asali ta hanya biyu. Ko dai mai kaluluwa ya daɗe ba magani har ƙwayoyin su bi jini su sauka a huhunsa, ko kuma lafiyayye ya shaƙa daga bakin wani. A Amurka an samu waɗanda suka ɗauka daga kyanwar gida da ta ci ɓera mai cutar. Wanda ya shaƙa, alamominsa kan iya bayyana cikin awa 24 kacal.

Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, sannan tari, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Kakin farko ruwa-ruwa ne ko mai kumfa, daga baya ya fito da jini. Tarin jini a wurinmu sunansa tarin fuka, amma mai tarin fuka yakan yi makonni ko watanni yana rama yana gumin dare. Mai ɗa'un na huhu shekaranjiya yana gona, yau ba ya iya haɗa jimla guda ba tare da ya tsaya ya nemi iska ba. Hoton ƙirji zai nuna ciwon huhu, amma ba zai faɗi wace ƙwaya ce ba. Idan ba a fara maganin da ya dace cikin kimanin awa 24 da bayyanar alamomi ba, samun tsira yana wuya ƙwarai, idan kuma ba a yi maganin ba sam, kusan babu mai tashi.

Kalmar "da ya dace" tana da nauyi a nan. Magungunan da aka saba fara ba mai nimoniya, irin su amoxicillin da ceftriaxone, ba abin dogaro ba ne a kan ɗa'un. Waɗanda ke aiki su ne streptomycin, gentamicin, doxycycline, ciprofloxacin da levofloxacin. Kenan likita zai iya gane cewa huhu ne ya kamu, ya yi duk abin da littafi ya ce a yi wa mai nimoniya, amma majinyacin ya tafi saboda ba a kawo ɗa'un a rai ba.

Tarihi ya nuna tsadar wannan kuskuren. A annobar Manchuria, a arewa maso gabashin China, ta 1910 zuwa 1911, wadda ta kashe kimanin mutum 60,000, likita Wu Lien-teh ya binciki gawa a yankin Harbin ya gano ƙwayoyin a huhu, ya ce wannan ba ta ƙuma take yaɗuwa ba, ta numfashi ce, a sa takunkumi. Wani likita Bafaranshe, Gérald Mesny, wanda ya san ɗa'un na kaluluwa sosai, bai yarda ba. Ya duba marasa lafiya fuska a buɗe, bayan 'yan kwanaki ya rasu da cutar.

Fiye da shekara ɗari bayan nan, a ƙarshen watan Agustan 2017, wani mutum ɗan shekara 31 ya fara zazzaɓi mai kama da maleriya a gundumar Ankazobe da ke tsaunukan tsakiyar Madagaska. Ranar 27 ga wata ya shiga motar haya zuwa Toamasina a bakin teku, ta hanyar Antananarivo babban birnin ƙasar. A cikin motar tari ya kama shi, kuma bai kai gida ba. An shirya gawarsa aka binne ba tare da matakan kariya ba, don babu wanda ya san abin da ya kashe shi. Mutum 31 da ke da alaƙa da shi suka kwanta, 4 suka rasu. Sai ranar 11 ga Satumba aka gane cewa ɗa'un na huhu ya shiga birane.

Biyu da ba a cika gani ba

Akwai na maƙogwaro, wanda ke kama wanda ya ci naman dabba mai cutar ɗanye ko bai dahu ba. A Saudiyya a 1994 an samu waɗanda suka kamu bayan cin ɗanyar hantar raƙumi, a Jodan ma an samu irin haka a 1997 daga naman raƙumi. A Mongoliya a 2019 mata da miji sun rasu bayan cin ɗanyen naman wata dabbar daji da ake kira marmot. Na maƙogwaro yakan zo da zafin haɗiya da kumburin wuya, abin da a yankinmu za a fara ɗauka mashaƙo ne ko hangum. Ana shafo samfuri daga maƙogwaron.

Akwai kuma wanda ke hawa kai ya zo da sanƙarewar wuya, galibi ga wanda aka yi wa maganin kaluluwa rabi da rabi. Ruwan da aka ɗebo daga gadon baya ne ke bambance shi da sanƙarau.

Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

Hanya mafi tsufa ita ce shafa samfurin a gilashi, a rina shi, a duba a madubin ƙara girma. Da rinin Wayson ko Giemsa, ƙwayar takan yi duhu a kai da gindi, tsakiyarta fayau, kamar fil ɗin nan mai kulle da ake maƙale tufa da shi. Wannan yana ƙarfafa zato, amma wasu ƙwayoyin ma sukan rinu haka.

Hanyar da ake ɗauka a matsayin alƙali ita ce renon ƙwayar a faranti, abin da ma'aikata ke kira kalca. Matsalarta jinkiri. Yersinia pestis ba ta da saurin girma, ta fi son zafin da bai wuce digiri 28 ba, kuma sai bayan kamar awa 48 take fitowa sosai. Idan samfurin kaki ne, ƙwayoyin baki da na maƙoshi sukan riga ta girma su lulluɓe ta. Idan majinyacin ya riga ya sha magani daga kemis, ƙila ba za ta tsiro ba ko kaɗan. Injinan da manyan asibitoci ke amfani da su wajen sa wa ƙwaya suna ma an sha samun su suna ba ta sunan wata ƙwayar daban. Ga kuma haɗari ga ma'aikacin da ya buɗe farantin bai san abin da ke ciki ba, shi ya sa dole likita ya sanar da ɗakin gwaji zatonsa tun kafin samfurin ya isa.

Gwajin PCR, wanda korona ta sa kowa ya san sunansa, yana neman gadon halittar ƙwayar ne, kuma yana iya gano ta ko ta mutu. Yana buƙatar wuta da kayan aiki da ƙwararru. An kuma gano cewa ɗaya daga sassan da aka daɗe ana nema, wanda ake kira pla, akwai makamancinsa a jikin wasu bakteriya, don haka yanzu ana neman sassa biyu kafin a yanke hukunci. Akwai kuma gwajin garkuwar jiki, inda ake ɗibar jini sau biyu da tazarar makonni a ga ko garkuwar ta ninka sau huɗu. Wannan yana amfanar masu lissafin annoba, amma kafin ya fito majinyacin ya warke ko an yi bakwai ɗinsa.

Abin da ya sauya aiki a ƙauyuka shi ne tsinken gwaji da cibiyoyin binciken cututtuka na Pasteur da ke Madagaska da Paris suka ƙirƙiro, aka wallafa sakamakonsa a 2003. Kamarsa ɗaya da tsinken gwajin ciki. Ana tsoma shi a ruwan samfurin, bayan minti 15 a karanta: layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Yana neman wani sinadari ne da ke lulluɓe da ƙwayar, mai suna F1. Ba ya buƙatar wuta ko madubi, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi. A kan ruwan kaluluwa yana aiki da kyau. A kan kaki ne gardama take.

Zato, mai yiwuwa, tabbas

Duk wanda zai karanta alƙaluman ɗa'un yana buƙatar ya san waɗannan matakai uku. Wanda ake zato shi ne mai alamomin cutar da kuma dalilin haɗuwa da ita, kamar zuwa yankin da take ko kusantar majinyaci. Mai yiwuwa shi ne wanda gwaji ɗaya, kamar tsinken nan, ya nuna akwai. Wanda aka tabbatar shi ne wanda aka rena ƙwayar daga jikinsa, ko garkuwarsa ta ninka, ko gwaje-gwaje daban-daban suka haɗu a kan amsa ɗaya. Kafafen labarai sukan haɗe ukun su ba da jimla.

A annobar Madagaska ta 2017, daga 1 ga Agusta zuwa 26 ga Nuwamba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da jimlar mutum 2,417 da rasuwar 209, kuma sama da kashi uku cikin huɗu an rubuta su a matsayin na huhu. Da masu bincike suka zauna suka tace bayanan, suka wallafa a 2019, sai hoton ya sauya. Cikin mutum 1,878 da aka rubuta da na huhu, 32 kacal aka tabbatar, 386 suka tsaya a matakin mai yiwuwa. Cikin 395 na kaluluwa kuwa an tabbatar da 66. Wato kashi 2 cikin 100 a ɓangaren huhu, kashi 17 a ɓangaren kaluluwa.

Masana sun rabu wajen fassara wannan tazarar. Wasu suna ganin an yi ta rubuta masu mura da nimoniya ta yau da kullum a matsayin masu ɗa'un, saboda tsoro ya cika gari kuma duk mai zazzaɓi da tari ya shiga ma'aunin zato. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce yawan waɗanda suka rasu bai kai abin da aka san na huhu da shi ba. Wasu kuma suna cewa rashin tabbatarwa ba ya nufin babu cutar. Mutane da yawa sun sha magani kafin su je asibiti, da yawa yawu suka tofa maimakon kakin da ya fito daga ƙirji, yara ƙanana ba sa iya fitar da kaki, kuma samfura sun yi ta kwarara zuwa babban ɗakin gwaji na Antananarivo fiye da yadda aka saba. Bayanan da ake da su suna ɗaukar fassarar biyu lokaci guda: an ƙirga waɗanda ba su da cutar, an kuma kasa tabbatar da wasu da ke da ita.

Tsinken gwajin ya sha suka a nan. Kaki mai yauƙi yakan hana ruwan tafiya daidai a jikin tsinken, ya bar ɗan layi dishi-dishi da mai karatu a tsorace zai ɗauka akwai ne. Wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a 2020 ya nuna cewa tsinken ba ya cika kuskuren mai cutar, amma cikin waɗanda kalca ta ce ba su da ita, kusan 30 cikin 100 yana nuna suna da ita. Masu kare tsinken sukan amsa cewa kalcar da ake auna shi da ita ita ma tana kuskuren masu cutar da yawa, don haka ba duka 30 ɗin ne laifinsa ba. A tsibirin Seychelles, wani da ya dawo daga Madagaska a watan Oktoban 2017 tsinkensa ya nuna alama mai rauni, aka killace mutane, amma da aka kai samfuran cibiyar Pasteur ta Paris ba a samu ƙwayar ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da ƙa'idoji, inda ta bar tsinken a matsayin abin faɗakarwa da gaggawa, tabbatarwa kuwa sai ɗakin gwaji.

A kan abu ɗaya ɓangarorin ba su saɓa ba: ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Ana ɗaukar samfuri, a ba da magani nan take. Gardamar tana kan faɗin ragar da za a jefa ne. Idan ta yi ƙunci, mutum ɗaya da ya kuɓuce ya isa ya cika mota da cuta. Idan ta yi faɗi, mai maleriya ko tarin fuka zai kwanta a ɗakin killacewa ana yi masa allurar streptomycin, wadda ke iya taɓa ji da ƙoda, alhali cutarsa ta gaskiya tana ci gaba.

Abin da ke sauka a kan jama'a

Sunan da aka sa wa ciwon mutum ɗaya yana iya rufe gari. Idan aka ce na kaluluwa ne, aikin na gida ne da unguwa: a fara kashe ƙuma kafin a taɓa ɓeraye, don kashe ɓera tun ƙumarsa na raye tura ta kan mutane ne. Idan aka ce na huhu ne, sai a killace majinyaci, a bi sawun duk wanda ya kusance shi a ba shi maganin kariya na kwana 7. A Madagaska an rufe makarantu, an hana taruka, kamfanin jiragen Seychelles ya dakatar da zuwa. An kuma yi ta samun saɓani da iyalai a kan jana'iza, don al'adar can ita ce a sa mamaci a kabarin dangi, hukuma kuma ta hana. Gawar mai ɗa'un na huhu tana iya harbin mai wanka da mai ɗauka, shi ya sa ƙa'idojin 2021 suka tanadi safar hannu da riga da tabarau da takunkumi ga duk mai taɓa ta. A Surat ta Indiya a 1994, labarin ɓullar na huhu ya sa dubban ɗaruruwan mutane suka gudu daga birnin cikin 'yan kwanaki, ƙasashe suka dakatar da jirage da kayan Indiya, sannan aka shafe shekaru masana na gardama a kan ko mutum nawa ne da gaske suka kamu.

Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ake samun rahoton ɗa'un a yau. Amma Afirka ta Yamma ta taɓa ɗanɗanawa: Accra a 1908, Dakar a 1914, Legas daga 1924 zuwa 1931. Cutar kuma ta iya dogon shiru. A yankin Oran na Aljeriya ta sake ɓulla a 2003 bayan kimanin shekara 50 ba a ji ɗuriyarta ba, a 2009 kuma aka same ta kusa da Tobruk a Libiya. Waɗannan ƙasashe ne da 'yan ci-rani da fatake daga Agadas da Damagaram da Kano ke zirga-zirga a cikinsu, kuma raƙuma na bin hanyoyin nan. A irin ƙasashenmu likitan da ya gama karatu ya yi ritaya ƙila bai taɓa ganin mai ɗa'un ba, tsinken F1 kuma ba abin da ake ajiyewa a ƙananan asibitoci ba ne. Abin da ke hannun majinyaci da danginsa shi ne labarin kwana bakwai na baya: ƙasar da aka dawo daga ita, raƙumin da aka yanka don ya kusa mutuwa, ɓerayen da aka share daga rumbu, abokin tafiyar da ya yi ta tari a mota, da kuma sunan duk maganin da aka riga aka saya a kemis aka sha kafin zuwa asibiti, tunda shi ke iya sa farantin kalca ya fito fayau.